Abin da na gani a ɗakin haɗa batirin gida lokacin IT

Assalamu alaikum. Ƙannena masu karatun injiniyancin lantarki sun yi ta tambayata yadda aikin batir yake, tun da suka ji a wannan fannin na yi horon SIWES, wanda muka fi sani da IT. Shirin yana ƙarƙashin hukumar ITF mai hedikwata a Jos, an fara shi a 1973, kuma ɗalibin injiniya kan yi wata shida a ciki. Ni nawa ya kai ni wani ƙaramin kamfani a nan Najeriya da ke haɗa batirin lithium na gida, irin wanda ake rataye wa a bango kusa da inbata. Zan bi aikin ne yadda yake tafiya, daga isowar kaya har fitar batir, domin wanda zai je ya san abin da zai tarar.

Batirin gida ya shahara ne bayan da Tesla ta fito da Powerwall a 2015. Samfurinsa na biyu yana ajiye kilowat-awa 13.5. A Amurka da Jamus mai gida yana da wutar gwamnati, batirin taimako ne kawai. A wurinmu kuwa sau da yawa shi ne wutar gidan gaba ɗaya daga magariba zuwa safiya, kullum a cika shi a zuƙe shi, kuma cikin zafi. Nau'in da kusan kowa ya koma a yanzu shi ne LFP, wato lithium da ƙarfe da fosfet, wanda aka gano a ɗakin binciken John Goodenough a Jami'ar Texas, aka wallafa a 1997. Ya fi sauran nau'o'in lithium wuyar kamawa da wuta, kuma ba ya buƙatar kobalt. Ana haƙar dutsen lithium a Nasarawa, amma sel ɗin da muke haɗawa, wato ƙananan baturan da ake jerawa su zama batir guda, daga Chana suke zuwa, daga manyan masana'antu irin su CATL da EVE da BYD. Abin da ake yi a gida shi ne tantancewa, haɗawa, akwati, allon kulawa (allon lantarkin da ke sa ido kan sel-sel yana kare batir) da gwaji, kuma nan ne ake saka ɗan IT.

Akwai lambobin da za a so ka haddace tun makon farko. Sel ɗin LFP guda yana ba da volt 3.2. Ba a cajinsa ya wuce 3.65, ba a zuƙarsa ya gaza 2.5. Ana jera goma sha shida a bi-da-bi su ba da volt 51.2, shi ne abin da kasuwa ke kira batirin 48. Da sel mai amfiya-awa 100 za a samu kilowat-awa 5.12; da mai 280 kuwa kusan 14.3. Batirin tubula na volt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da kilowat-awa 2.4 a lissafi, amma rabi kawai ake so a taɓa idan ana son ya yi ƙarko.

Kafin a bar ka ka taɓa komai, za a ce ka cire agogo da zobe, ka sa tabarau, kuma duk sifanar da ke ɗakin an naɗe ta da tef sai bakinta kawai. Dalili shi ne batir ba ya da makunni. Na'urar bango ana zare ta daga soket a huta, shi kuwa wutarsa tana cikinsa. Juriyar cikin babban sel ba ta wuce rubu'in mili-ohm ba, don haka idan sifana ta faɗi tsakanin kawuna biyu, dubban amfiya ne za su bi ta cikinta nan take. Volt 51 ba safai yake jan mutum ba idan hannu a bushe yake, ƙuna ce abin tsoro: zobe kan yi ja a yatsa kafin mai shi ya iya cirewa.

Aikin da aka fi ɗora wa ɗan IT shi ne tantance sel, kuma da yawa suna raina shi. A ganina babu aikin da ya kai shi muhimmanci a ɗakin. Kowane sel ana duba jikinsa a kan shimfiɗaɗɗen tebur a ga ko ya kumbura, a duba bawul ɗin fitar iska da ke samansa, a karanta lambar QR. A kasuwa akwai sel-sel da masana'anta ta fitar daga sahun farko, wasu su goge lambar su buga sabuwa. Idan aka karkata shi ga haske ana ganin alamar gugar. Daga nan a auna volt, sannan juriyar ciki. Mitar hannu ba ta wannan aikin, domin wayoyinta kaɗai sun fi sel ɗin juriya sau ɗaruruwa. Ana amfani da na'ura mai waya huɗu: biyu suna tura ƙaramar wuta mai kaɗawa sau dubu a daƙiƙa, biyu suna auna volt a kan ƙarfen kai tsaye, ta yadda juriyar wayoyin ba ta shiga lissafi.

Sai gwajin ciki, wato yawan cajin da sel ke iya ɗauka. A cika sel zuwa 3.65, a bar shi ya huta, a zuƙe shi da rabin adadinsa, wato amfiya 140 ga mai 280, har ya sauka 2.5. Lafiyayye zai ɗauki awa biyu ko ɗan fiye. Bayan haka a ajiye su kamar mako biyu a sake auna volt. Wanda ya sauka fiye da 'yan uwansa yana zubar da caji a cikinsa, kuma irin wannan ba ya gyaruwa, ware shi ake yi. Duk sakamakon yana shiga tebur a kwamfuta tare da lambar sel ɗin, domin daga nan ake zaɓen goma sha shida masu kama da juna. Batir tamkar ayari ne, tafiyarsa tafiyar raƙumin da ya fi gajiya. Idan guda yana da amfiya-awa 260 a cikin masu 280, shi zai fara ƙarewa, allon kulawa ya yanke wuta, sauran sha biyar ɗin su zauna da cajin da ba za a taɓa mora ba.

LFP yana da wata ɗabi'a da ke ruɗa sabon shiga. Daga kusan kashi 20 zuwa kashi 90 na caji, volt ɗinsa yana tsakanin 3.2 da 3.35 ne kawai, da ƙyar yake motsi. Sel biyu za su nuna 3.30 su duka, alhali ɗaya ya fi ɗaya caji nesa ba kusa ba. Bambancin ba ya bayyana sai can sama, bayan 3.4, inda volt ke tashi da sauri. Shi ya sa kafin haɗawa ake jera su duka a kafaɗa ɗaya, tabbatacce da tabbatacce, korau da korau, a caje su tare zuwa 3.65 har wutar da suke sha ta ragu ta kusa tsayawa. Wasu kan tsallake wannan su ce ai allon kulawa zai daidaita. To a yi lissafi: yawancin alluna suna daidaitawa ne ta ƙona rarar caji a kan resista, kamar mai ohm 33, wadda ke jan kusan mili-amfiya 100. Bambancin kashi biyu cikin ɗari a sel mai 280 amfiya-awa 5.6 ne, awa 56 ke nan na daidaitawa. Kuma allon ba ya aikin sai batir ya kusa cika, watakila awa guda a yini. Wata biyu ke nan mai gida yana kukan batirinsa ba ya cika.

Wajen haɗawa, ana saka farantin da wuta ba ta bi tsakanin sel da sel. Gwangwanin sel alminiyam ne, kuma yana ɗauke da volt. Shuɗiyar ledar da ke jikinsa siririya ce, gogayya kaɗan take hudawa. Sannan a matse jerin da faranti biyu a gefe da dogayen sanduna, saboda sel yana ɗan buɗewa idan ya cika, ya koma idan ya sauka. Takardar wasu masu 280 ta nuna an yi gwajin ƙarkonsu ne a matse da nauyin kilo 300. Wannan numfashin nasa ne ma ya sa aka fi son sandar haɗi mai lanƙwasa a tsakiya, domin miƙaƙƙiya mai tauri tana jan kan sel ɗin kullum har ta sassauta shi.

A nan zan daɗe kaɗan, domin mahaɗa, wato inda sandar haɗi ke zama a kan sel, ita ce ke kashe batura fiye da yadda ake zato. Inbata mai kilowat biyar tana jan fiye da amfiya 100 daga batirin. Zafin da mahaɗa ke fitarwa shi ne amfiya sau amfiya sau juriya. Mahaɗa mai kyau ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na mili-ohm ba, zafinta bai kai wat ɗaya ba. Wadda ta yi sako-sako ta kai mili-ohm ɗaya kuwa wat goma take fitarwa a wurin da bai fi girman farce ba. Zafin yana ƙara tsatsa, tsatsa tana ƙara juriya, juriya tana ƙara zafi, har robar da ke kewaye ta narke. A batir ɗaya akwai irin wannan mahaɗa 32 a kan sel kaɗai. Alminiyam yana yin wata siririyar tsatsa da ido ba ya gani, wadda wuta ba ta bi sosai, don haka ana goge kan sel ɗin a share da sifirit a ɗora sandar nan da nan. Sandar ce take zama a kan sel kai tsaye. Siririyar wayar awo a samanta take, ba a tsakani ba. Ana ɗaure noti da sifana mai awon ƙarfi, gwargwadon abin da takardar masana'anta ta faɗa. Idan an yi ƙasa, mahaɗa ta yi zafi; idan an wuce, zaren alminiyam ya cinye, an yi asarar sel mai tsada. Kowane notin da aka gama a ja masa layi da fenti har kan sandar, ta yadda idan ya juya daga baya za a gani. A ƙarshe a ɗora wa batir cikakken nauyi na rabin awa, a duba da kyamarar ganin zafi, a kuma auna mili-volt nawa ke faɗuwa a kowace mahaɗa. Wadda ta bambanta da 'yan uwanta a kwance ta a sake.

Allon kulawa, BMS, shi ne inda mai son ainihin aikin lantarki zai ji daɗi. A tsakiyarsa akwai guntun lantarki, wato chip, da ke auna volt na kowane sel, irin BQ76952 na Texas Instruments mai ɗaukar sel uku zuwa sha shida. Akwai resistar awon wuta mai ƙanƙanuwar juriya da duk amfiyar batir ke bi ta kanta, akwai na'urorin jin zafi masu kilo-ohm goma a digiri 25, akwai jerin mosfet, wato makunnai na lantarki, da ke yanke caji ko fitar wuta, sai ƙaramar ƙwaƙwalwa mai yanke hukunci. Sabon allo ba a fara gwada shi a kan batir. Ana jera resista sha shida masu daidai da juna a kan na'urar ba da wuta da aka ƙayyade wa amfiya kaɗan, su tsaya a matsayin sel. Idan akwai kuskuren dalma, na'urar ce za ta tsaya, ba allon ne zai yi hayaƙi ba. Daga nan a ɗaga volt na sel ɗaya a hankali a ga a ina allon ya yanke, a sauke a ga a ina ya dawo, a kama lokacin da osiloskof, na'urar da ke zana motsin volt a fuska. Haka za a bi kowace kariya: cikar caji, ƙarewa, yawan amfiya, gajeriyar hanya (haɗuwar waya da waya kai tsaye), zafi, sanyi. Ranar da za a jona shi da batir na gaske, kafin a soka filogin wayoyin awo sai an bi ƙafafunsa da mita ɗaya bayan ɗaya, a ga volt na hawa 3.3, 6.6, 9.9 har ƙarshe. Waya biyu da suka musanya wuri sun isa su ƙona guntun cikin ƙiftawar ido.

Akwai wata matsala da ke sa masu saka sola su dawo da lafiyayyen batir suna cewa ya lalace. A bakin inbata akwai manyan kafasita, masu riƙe caji na ɗan lokaci. Idan babu caji a cikinsu aka jona batir kai tsaye, suna zuƙar wuta kamar an haɗa waya da waya. Tartsatsi ya tashi, allon ya ɗauka gajeriyar hanya ce ya yanke, wani lokacin ma mosfet su mutu. Mosfet kuma yawanci a haɗe yake mutuwa, wato batir zai ci gaba da ba da wuta alhali kariyarsa ta tafi, ba wanda ya sani. Maganin shi ne a fara cika kafasitan ta cikin resista. Misali, mikrofarad 10,000 ta cikin ohm 50: wutar farko amfiya ɗaya ce, cikin daƙiƙa biyu da rabi sun cika, sannan a rufe babbar hanya. Fiyus ma ba kowanne ba. Wutar soket tana ratsa sifili sau ɗari a daƙiƙa, tartsatsi yana mutuwa da kansa. Ta batir ba ta ratsawa, don haka birekar gida na iya buɗewa amma wuta ta ci gaba da tsallakawa a cikinta. Ana neman fiyus da aka rubuta wa wutar batir, mai iya yanke amfiya dubu ashirin, irin ajin T.

Batir da inbata suna magana ta wayar sadarwa, layin CAN ko RS485: batir yana faɗa wa inbata iyakar volt da amfiyar da zai karɓa. Idan maganar ta ƙi, abu uku ake dubawa. A kashe komai a auna tsakanin wayoyin CAN biyu, ya kamata a ga ohm 60, domin akwai resista mai 120 a kowane ƙarshe. A duba filogin, don kamarsa ɗaya da na intanet amma jerin ƙafafu ya bambanta: kamfanin Pylontech na amfani da ta huɗu da ta biyar, kamfanin Victron ta bakwai da ta takwas. Sai a tabbatar an zaɓi tsarin magana ɗaya a ɓangarorin biyu.

Kason cajin da ke bayyana a fuska kuwa ƙirge ne. Tun da volt ba ya nuna gaskiya a tsakiya, allon yana ƙirga amfiyar da ta shiga da wadda ta fita. Kuskuren mili-amfiya 50 a awon sifili, wato abin da allon ke karantawa lokacin da babu wutar da ke bi, yana zama amfiya-awa 1.2 a yini, 36 a wata, fiye da sulusin batir mai 100. Ƙirgen ba ya komawa daidai sai batir ya cika ƙwarai. A damina, ko lokacin da hazon hunturu ya rufe rana, batir kan yi makonni bai cika ba, sai a ga fuska na nuna kashi 40 wuta ta ɗauke. Gyara awon sifili na kowane allo aiki ne mai gundura, kuma ɗan IT ake ba shi.

Zafi shi ne inda takardun ƙasashen waje ba su yi tunaninmu sosai ba. Su damuwarsu sanyi ce, domin cajin LFP a ƙasa da digiri sifili yana sa lithium ya taru a matsayin ƙarfe a cikin sel. Mu kuwa a Sakkwato ko Maiduguri watan Afrilu yana haura digiri 40 a inuwa, balle ɗakin ajiya mai rufin kwano. Zagaye dubu shida na cikawa da zuƙewa da ake tallatawa a digiri 25 aka auna su. A 45 wasu takardun ba su ba da ko rabin haka ba. Shi ya sa ake liƙa na'urar jin zafi a kan sel na tsakiyar jeri, inda zafi ke taruwa, wata kuma kusa da mosfet. Ana kuma sauke iyakar caji zuwa kamar volt 56, wato 3.5 kowane sel: abin da aka rasa na caji kaɗan ne, amma sel ɗin ba ya zama a ƙurewarsa cikin zafin rana. Fanka tana taimakawa, sai dai tana jawo ƙura, ƙurar kuma idan ta sha laimar damina tana zama hanyar wuta a kan allo, don haka ake fesa wa allon siririn rufi na kariya.

Za ka ji ana ambaton ƙa'idoji. UN 38.3 na sufuri ne, gwaji takwas, ciki har da ƙarancin iska irin na jirgin sama, kai-komo tsakanin digiri 72 da 40 ƙasa da sifili, girgiza da gajeriyar hanya. IEC 62619 na amincin batirin masana'antu da na ajiya ne. UL 9540A kuma ana tilasta wa sel ɗaya ya ƙone a ga ko zai kama maƙwabtansa. Ƙaramin kamfani ba ya da ɗakin yin waɗannan, amma ana karanta su domin su ne ke nuna abin da ya kamata zane ya jure.

Batirin da aka dawo da shi daga gidan mutane ba a buɗe shi da gaggawa. Ana fara zazzage tarihin da allon ya ajiye, a ga wane sel ne ya fara yankewa, a wane zafi, da amfiya nawa. Idan sel guda ne ke fara cika kuma shi ke fara ƙarewa, cikinsa ya ragu ko mahaɗarsa ta saki. Idan yana fara ƙarewa amma shi ne na ƙarshen cika, daidaito ne ya ɓace ko yana zubar da caji. Sai a koma teburin ranar tantancewa a ga lambobinsa na farko. Wanda ya iya karanta takardar bayanin na'ura, ya iya buɗe zane a manhajar zanen allo ta KiCad, ya iya 'yar Python, yaren rubuta manhaja, ta zana jadawali daga dubban layuka, a nan Oga zai fara kiransa da sunansa. Logbuk ma a cika shi da lambobi da yanayin da aka auna su, ba “yau mun gwada batir” ba.

Wanda ya tsallake duk gwaje-gwajen ana auna kariyar da ke tsakanin wayoyinsa da akwatin ƙarfe, a yi masa cikakken zagaye ɗaya, a sauke shi zuwa kusan rabin caji, domin lithium ya fi tsufa idan an ajiye shi a cike. Sannan a kashe allon ɗungurungum, don ko yana barci yana ɗan shan wuta, kuma batirin da ya yi watanni a shago a kunne yana iya sauka ƙasa da 2.5 ba a sani ba. A rufe kawunansa da hular roba, a rubuta ranar da ya kamata a sake cajinsa a jikin kwali, a haɗa lambarsa da lambobin sel sha shidan da ke cikinsa a rajista kafin a ɗora shi a mota.